Furen da Inna Ɗelu Ta Tsinke

Ni dai tun farko na ce wa Walida wannan shukar wahala ce. A baranda irin ta gidajenmu na Wangsa Maju a birnin Kuala Lumpur na Malesiya, wadda in ka shanya zani biyu ta cika, mai hankali alayyahu yake sawa da barkono. Amma Walida ta bi mijinta hutu can kan duwatsun Cameron Highlands, ta dawo rungume da wata 'yar tukunya kamar jaririya, wai sunan abin burnet.

Ƙofata tana kallon tata, a hawa na tara. Sunana Firdausi, sai dai a ginin nan Maman Najib ake ce mini. Mijina koyarwa yake yi, nata kuma, Zahraddeen, yana digirin digirgir a jami'ar da ke Jalan Semarak, ya fita da safe sai magariba. Mu matan bizarmu ta 'yan rakiya ce, ba aiki ba kasuwa, sai girki da kallon jirgin ƙasa yana wucewa ta taga. Ni yara sun cika mini hannu. Walida ba ta samu haihuwa da wuri ba, don haka duk hankalinta ya koma kan tukunyar nan.

Ganyen burnet ƙanana ne, a jere kamar na zogale, sai dai bakinsu da 'yan haƙora, in ka murza kuma ƙamshin kokwamba yake yi. Ba don ganyen ta sayo shi ba. Furen ta gani a can sama inda ake sanyi: wani siririn kara ne yake miƙewa ya yi tsawo, a kansa wani ɗan dunƙule ja wur irin jan zoɓo, iska tana kaɗa shi. Kuma ba irin shukar da ake girbewa a tuge ba ce. Saiwarsa tana nan shekara da shekaru, in saman ya bushe sai ya sake tohowa. Mai sayarwar ma bai ɓoye mata ba, ya ce zafin Kuala Lumpur ba zai bar shi ya yi fure ba. Walida ta ce to, ta biya, ta ɗauko abinta.

Abin da na gani da idona a shekarun nan, in na faɗa a Kano za a ce ƙari nake yi. Ƙanƙara take jera masa a bakin tukunya. In rana ta take sai ta kinkimo shi falo ta kunna masa na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta koma kicin tana gumi. Ya taɓa bushewa ƙurmus, na ce ta zubar ta ba ni tukunyar in shuka albasa, ta harare ni. Bayan 'yan makonni sai ga koren abu yana leƙowa, ta zo tana buga mini ƙofa kamar an yi gobara.

Na ce, “Ke Walida, wai don Allah me za ki samu a cikin wannan abin? Ba a miya da fure fa.”

Can ta ce, “Maman Najib, kin san Innata a Kura, lambun bayan gidanta shi ke ciyar da rabin unguwa. Duk muka yi waya sai ta ce, to ke me kike yi a can duk yini? Sai in rasa ta cewa. So nake wata rana ta zo ta ga abin da ni ma na raina da hannuna, wanda ko ita ba ta taɓa gani ba. That's all.”

Daga ranar ban ƙara tsokanarta ba, sai ɗan kaɗan.

Allah da ikonsa, shekarar da ta samu ciki aka yi ta ruwa babu ƙaƙƙautawa, gari ya yi ɗan sanyi-sanyi. Cikin ya tsufa ke nan sai burnet ya fitar da kara, huɗu ko biyar, kowanne da ɗan koren dunƙule a kai. Ga Inna Ɗelu an gama mata biza za ta zo wankan jego. Walida ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta kuma san wannan ce kawai damarta, domin Zahraddeen ya miƙa kundinsa, da ya kare shi za su tattara su koma gida, kuma ba mai barinka ka shiga jirgi da tukunyar ƙasa. Ko a waya ba ta faɗa wa tsohuwar ba, wai so take ta riƙo hannunta ta kai ta baranda ta ce, Inna duba.

Naƙuda ba ta jira wannan shirin ba. Ta zo da wuri, ta zo da gardama, har sai da aka yi wa Walida aiki aka ciro namiji. Ranar da jirgin Inna ya sauka, 'yarta tana kwance a asibiti. Zahraddeen ya ɗauko ta, ya kai ta ta ga jikanta, sannan ya kawo ta gida ya damƙa mini, don asibitin ba sa barin mai jinya ta yini. Shi kansa ya ji daɗin samun hanyar fita. Suruki da suruka a gida mai ɗaki biyu, in ta fito falo ya shige ɗaki, in ya fito ta juya baya, abin sai ka yi dariya.

Inna Ɗelu 'yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, mai kaifin ido, tafin hannunta kamar tabarma don aiki. Walida ce 'yar farinta, saboda haka ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce mai jego. Irin iyayen nan ne da ba za su taɓa ce maka suna sonka ba, amma za su wanke maka tukunyar da ka riga ka wanke. Kafin azahar ta goge gidan tas, ta jera tukwane bisa girma, ta tambaye ni inda ake samun ganyen darbejiya na wanka. Na ce akwai a shagon Indiyawa, zan je in sayo.

Da na dawo na tarar da ita a baranda a durƙushe. Ta tuge ciyawar da ke cikin alayyahu, ta kafa wa barkono sanda. A gefenta ga abin kwashe shara, a cikinsa kuma ga 'yan korayen dunƙulen nan, duka, kowanne da guntun karansa.

Na tsaya da ledar darbejiya a hannu na kasa ko da sallama.

Ta ɗago da fara'arta ta ce, “'Yar nan, kin ga ganyen mai jego ya so ya lalace. Kai ya fara yi. Na ɗanɗana na ji irin na kwaɗo ne, ɗanɗanon gurji gare shi. In aka bar shi ya yi fure shi ke nan, ganyen ya yi tauri ya yi ɗaci. Na tsinke masa, yanzu za ki ga yadda zai yi yabanya.”

To me zan ce? Ba ta yi kuskure a saninta ba. Ko ni haka uwata ta koya mini da alayyahu da lansir, da ka ga kai ka sa farce. Na ce, “Sannu da aiki, Inna.” Na shiga gidana na zauna a bakin gado, har na yi tunanin ko a samo zare a ɗaure su a jikin karan. Da yamma na tare Zahraddeen a bakin lif na faɗa masa. Ya dafe kai ya ce a bari ta dawo gida tukuna, kada hawan jini ya kama ta a gadon asibiti.

Ranar da aka sallamo ta, ko zama ba ta yi ba. Tana dafe da ciki, tana takawa da ƙyar, ta miƙa mini jaririn ta ce, “Inna, zo ki ga wani abu.” Zahraddeen ya buɗe baki, ya makara. Ta zuge ƙofar gilashin ta tsaya.

Inna ta biyo ta tana cewa, “Ai na gani, na ma gyara miki shi. Kai ya yi, na cire.”

Walida ta juyo a hankali. Na sha ganin ɓacin rai, amma ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ga ciwo, ga rashin barci, ga shekarun da ta yi tana jera ƙanƙara.

Ta ce, “Wa ya sa ki?”

“Ba wanda ya sa ni. Gani na yi…”

“Wa ya aike ki, Inna? Komai sai kin taɓa? Ba komai ake ci ba! Three years ina jiran wannan abin, don ke, don ki gani! Nan ba Kura ba ce da za ki shigo ki kama tsinke-tsinke a gidan mutane!”

Zahraddeen ya ce, “Walida!” Jaririn ya tsandara kuka a hannuna. Inna ta dubi tukunyar, ta dubi hannayenta, sannan ta gyara mayafinta ta wuce kicin. Jim kaɗan muka ji ta kunna wuta ta ɗora ruwan wanka.

Zan faɗi gaskiya, a ranar haushin Walida na ji, har na so in ɗauke ta da mari ba don ɗinkin da ke cikinta ba. Uwa ta ƙetaro duniya, ba ta taɓa hawa jirgi ba sai dominki, ki ce mata gidan mutane a gaban surukinta? Amma da na shiga ɗaki na same ta ta kifa fuska a filo tana kuka ba sauti, sai tausayinta ya kama ni. Washegari da sassafe ta lallaɓa ta durƙusa, da ɗinkin da komai, ta ce Inna ta yafe mata.

Inna ta ce, “Ba komai. Tashi kar ki fama ciwonki. Ai gidanki ne.”

Wannan “gidanki ne” shi ya zauna a gidan har aka yi arba'in. Inna ba ta rage komai na aikinta ba. Ruwan zafi da darbejiya safe da yamma, da likita ya ba da izini. Kunun kanwa, farfesu, gashin jariri, wankin tsumma. Ranar suna ita ta tuƙa tuwon da matanmu na unguwannin Titiwangsa da Setapak suka yi ta santi, aka sa wa yaro Aliyu. Sai dai komai za ta yi sai ta tambaya.

“Mai jego, in ɗauki wannan tukunyar?”

“Mai jego, wannan tsumman na amfani ne ko na ajiya?”

Duk tambaya ɗaya sai na ga Walida ta runtse ido. Ta ce, “Haba Inna, ki ɗauki duk abin da kike so mana.” Inna ta ce to, gobe kuma ta sake tambaya. Ba gatse take yi ba, na lura da ita sosai. Tsoro ne ya shige ta, ta daina yarda da hannunta a gidan. Baranda kuwa ko shanya ba ta ƙara fita yi ba, ni take miƙo wa. Walida ma ta daina leƙawa. Ta ce in kwashe tukunyar in jefa a shara, ba ta son ganinta. Na ce to, ban kwashe ba. Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ta ce, “Maman Najib, please, a bar maganar nan.”

Wata safiya mai jego tana barci, Inna ta ja ni gefe ta ce in raka ta inda ake sayar da shuke-shuke. Ta ƙulle 'yan kuɗin guzurinta a bakin zani, za ta sayo wani mai furen ta mayar. Muka ɗauki tasi har Sungai Buloh, inda masu lambun furanni suke jere a bakin titi. Muka shiga nan muka fita can, ina nuna hoton shukar a waya. Wasu ma ba su san shi ba. A ƙarshe wani tsohon Basine ya karɓi wayar ya duba, ya girgiza kai.

Ya ce, “This one cannot lah, auntie. KL panas. Leaf boleh, flower tak boleh.”

Inna ta ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Ya ce ya ƙare, sai wani lokaci.”

Ta kafe ni da idon nan nata. “Faɗa mini daidai, 'yar nan. Na ga yadda ya kaɗa kai.”

Dole na faɗa mata: ya ce garin nan ya yi zafi, ganye zai yi, amma fure ba ya yi. Na ƙara da cewa da ya ga hoton na Walida da kai a jiki, mutumin ya ce lallai mai wannan tukunyar ta sha wahala.

A mota, da muka kusa gida, Inna ta juya gefe. Tana kallon taga ta ce, “Mu a wurinmu, abu in ya yi fure ya gama amfani, sai dai a bar shi don iri. Ban san ana shuka abu don a zauna a kalle shi ba. Da ta faɗa mini ko a waya ne.” Sannan ta ce, “Ni ma da na tambaya.”

Tun daga ranar ta mayar da ni 'yar aikenta. Tana tsaye daga cikin falo, ta bayan gilashi, za ta ce in janye tukunyar daga jikin bango don bangon yana riƙe zafi. Ta sa na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu yadda ake yi wa randa. Ta ce in daina zuba ruwa da rana tsaka. Ni da na ce shukar wahala ce, ga ni da buta safe da yamma, ina yi ina mita. Ganyen kuwa ya yi yabanya kamar yadda ta faɗa tun farko, ya cika tukunyar har yana zubowa.

Ana saura kwanaki kaɗan ta tafi, ita ta fara hangowa. Ta kira ni da hannu, ba ta son ɗaga murya. A tsakiyar ganyen ga siririn kara guda ɗaya tak ya miƙe, da ɗan dunƙulensa. Na ga tsohuwar nan ta yi murmushin da rabona da shi tun ranar da ta sauka.

Ta ce, “Zai buɗe kafin in tafi?”

Na ce, “Sai dai addu'a, Inna.”

Kullum da ta idar da sallar asuba sai ta tsaya a bakin gilashin. Dunƙulen yana girma, amma a hankali, kamar da gayya. Jajibirin tafiyarta bakinsa ya fara yin ja kaɗan. Ta ce mini, “Ba zan gani ba. Amma ba komai, tunda ita za ta gani. In ya buɗe ki ɗauka a waya ki tura wa Bello ƙaninta ya nuna mini. Ranar nan ce zan san na biya yarinyar nan abinta, in samu in yi barci.”

Na so in faɗa wa Walida a ranar, amma gidan ya cika da masu sallama da masu ba da saƙo a kai Kano, ban samu keɓewa da ita ba. Na ce gobe in an dawo daga filin jirgi na zaunar da ita.

Da safe na shigo taya su ɗaure kaya. Zahraddeen ya sauka da akwatuna yana jiran mota. Inna ta yi shirinta tsaf, ta sa sabon mayafi, ta je ta tsaya a wurin da ta saba, tana kallon karan nan. Hannayenta biyu a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya, kamar yarinyar da aka shiga da ita kantin tangaran aka ce kar ta taɓa komai.

A haka Walida ta fito daga ɗaki ta same ta. Ta dubi bayan uwarta, ta dubi hannayen, sannan ta hango abin da take kallo.

Ta ce, “Inna, fita ki gani mana. Ki taɓa shi.”

Inna ta ce, “Ina gani daga nan.”

Walida ta ajiye Aliyu a kan kujera. Ta zuge gilashin ta fita. Na ɗauka matso da tukunyar za ta yi, shi ya sa ban motsa ba. Sai na ji ɗan ƙaramin sauti, ƙas. Ta dawo da karan a hannunta, ta durƙusa, ta jawo hannun uwarta daga baya ta buɗe tafin ta ɗora mata.

Tana kuka ta ce, “Ga shi, Inna. Wallahi ba ya gabana. Ciyawa ce. Ki tsinke duk abin da kika ga dama a gidan nan, ni dai ki daina tambayata.”

Inna ta daɗe tana kallon abin da ke tafinta. Jan ya kai rabin dunƙulen. Ta shafa shi da babban yatsa, a hankali, sai na ga hawaye ya gangaro mata, ita da ko ranar da aka yi mata tsawa ba ta yi kuka ba.

Ta ce, “Saura ƙiris fa ya buɗe. Shi nake jira ya wanke ni.”

Walida ta ɗago ta dube ni. Ta dubi jiƙaƙƙen buhun da ke jikin tukunyar, wanda sai yanzu ta lura da shi. Na ga lokacin da ta gane cewa duk kwanakin nan uwarta ce take rainon abin.

Inna ta ce, “Sau biyu ke nan ana tsinke shi a kaina.”

Wayar Walida ta yi ƙara a kan tebur, Zahraddeen ne, mota ta iso. Ba wadda ta motsa a cikinsu, sai ni na ɗauka na ce masa ga mu nan saukowa.